Mu da Kwanon Awonmu

Mu dai a unguwar nan ba a tambayar kilo nawa za a dafa. Kwano nawa ake tambaya, ko gwangwani nawa in gidan ba yawa. Tun muna yara muke ganin gwangwanin madara a cikin buhun shinkafa, bakinsa ya yi santsi saboda hannu, kuma duk wadda ta ɓatar da shi sai ta sha faɗan Inna.

Ranar da ake shirin sunan jikar maƙwabciyarmu ne zancen ya tashi. Gwaggon mai jego ta zo daga Kaduna, ta ce a auno shinkafa mudu goma. Aka auna da kwanonmu na Kano, aka zube a tabarma, sai ta riƙe baki.

"Hajiya, wannan ai ta ciyar da gari guda!"

"Goman da kika ce ce, Yaya."

"Goman wa? Mudunmu bai kai wannan ba ko kusa."

Kowa da gaskiyarta. Mudun wani gari ba na wani ba ne, tiyar wata kasuwa ba ta wata ba ce. Ko a kasuwa ɗaya, wani mai awo zai cika miki har ta yi tozo tana zubowa, wani ya shafe da tafin hannu. Ga kuma masu buge gindin kwano ya lotsa ciki, abin da ke ƙona mini rai, don Suratul Muɗaffifin kan irinsu ta yi kashedi.

Sai wata amarya ta gidan gaba ta shiga ɗaki ta fito da ɗan sikelin da aka sa mata a kayan kicin. Ta ɗora kwanon babu komai, ta mayar da lambar kan sifili, sannan ta cika shi. Nan muka ga abin da ido bai taɓa nuna mana ba. Ɗanyar shinkafa cikin mazubin lita ɗaya ba ta kai kilo ɗaya, kusan giram 800 take yi. Da aka canza zuwa karyayya ta tuwo, lambar ta motsa, domin ƙananan ƙwayoyi sun fi cike gurbi. Amarya ta ce in an yi wa kowane baƙo giram 100, kilo ɗaya na mutum goma ne, kuma buhu mai kilo 50 lissafinsa a fili yake.

Inna dai ba ta sauka daga kan nata ba. Ta ce sikeli bai san auki ba: 'yar gida da aka noma a Kura da wadda aka sarrafa a inji ba ruwa ɗaya suke sha ba, kuma wannan sai hannun da ya saba. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma ko zakkar fid-da-kai, da ake fitarwa da sa'i, mudun Annabi huɗu, malamai da dama suna ƙiyasta ta da kilo don sauƙaƙa wa mutane.

Kafin la'asar kowace ta aika yaro ya ɗauko mata kwanon gidanta. 'Yar'uwa, ke ma ki ari sikeli ki auna naki sau ɗaya, ki rubuta nauyin a jikin kwanon.