Ire-iren 'Yan Kallon Fim ɗin Falsafa a Turai

A ƙananan gidajen sinima na Paris da Barlin da Landan akwai wasu finafinai da ba rawa, ba waƙa, jarumi kuma ba ya dukan bos. Mutum zai tsaya bakin taga minti biyar yana kallon ruwan sama, kyamara ma ta tsaya tana kallonsa. Idan fim ɗin ya gundure ka, waiwayi 'yan kallo, domin su ma abin kallo ne.

Na farko shi ne Sarkin Barci. Da an kashe fitila yake gyara wuyan riga. Fim ɗin da ya fi karɓarsa shi ne Jeanne Dielman na Chantal Akerman, 'yar ƙasar Beljiyam, wanda ya fito a 1975: awa uku da 'yan kai, wata mata tana feraye dankali, tana wanke-wanke, tana gyara gado. Gogan naka zai yi gyangyaɗi, ya farka, ya tarar tana kicin inda ya bar ta, ya koma da kwanciyar hankali. Kash! A daidai lokacin da matar ta ɗauki almakashi ta aikata ɓarnar da aka yi awa uku ana jira, shi minshari yake yi. Amma tun da ya ji cewa a 2022 masu sharhi sun zaɓe shi fim mafi girma a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound, ko'ina yake cewa fim ɗin ya canza masa rayuwa.

Sai Malam Na-Gane. Shi ba ya barci, gyaɗa kai yake yi, yana sakin "hmm" mai nauyi don na kusa su shaida. A The Turin Horse na Béla Tarr, ɗan Hangari, uba da 'yarsa suna cin dafaffen dankali kullum, iska tana kaɗawa, dokinsu ya ƙi tafiya, rijiya ta ƙafe. Malam zai tare ka a bakin ƙofa ya bayyana maka cewa dankalin shi ne ɗan Adam, iskar ita ce tarihi, dokin kuma masanin falsafa Nietzsche. Ka ce masa wataƙila talauci ne ya hana su cin nama, sai ya dube ka da tausayi, ya ce sai ka kalla sau uku tukuna.

Akwai Mai Jiran A Fara. Wannan bawan Allah labari ya zo nema. A L'Avventura na Antonioni wata budurwa ta ɓace a tsibiri, sai ya gyara zama, ya ce yauwa, yanzu za a soma. Har aka tashi ba a gan ta ba, masu nemanta ma sun shagala da soyayyarsu. Kakanninsa ne suka yi wa fim ɗin ihu a bikin Cannes na 1960, alƙalan bikin kuma suka ba shi kyauta. Har a tashar jirgin ƙasa yana tambaya, "To wai ina yarinyar?"

Ɗan Rakiya kuwa so ne ya ja masa. Masoyiyarsa ta ce tana son finafinan Hangari, ya ce ai shi ma. Ba ta gaya masa cewa Sátántangó na 1994 ya haura awa bakwai ba, kuma da shanu ake buɗe shi, suna yawo a taɓo kusan minti takwas. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma shi ƙugunsa ne ya dahu. A hutun farko ya ɗauka an gama, har ya yi tafi.

Kada a manta da Mai Fita da Fushi. Ba zai sulale ba. Sai ya tabbata kujera ta yi ƙara, ya taka ƙafar mutum huɗu, ya ja tsaki a bakin ƙofa. Ƙaninsa shi ne Mai Dariya Shi Kaɗai, wanda ke ƙyalƙyalewa kafin fassara ta fito a ƙasan allo, don a san yana jin yaren Suwidin. A The Seventh Seal na Bergman, inda wani mayaƙi ke buga dara da Mutuwa, shi kaɗai ke jin barkwanci.

Na ƙarshe ba ya cika ido. Wata tsohuwa ce ko wani ɗalibi a layin baya, ba gyaɗa kai, ba sharhi. An kunna fitila suna share ido, domin wani abu a fim ɗin ya taɓo mutuwar uba ko kaɗaicin da suka sani. Ka tambaye su ma'anarsa, su ce, "Oho, amma ya taɓa ni." Don irinsu ake yin waɗannan finafinai.

Idan Allah ya kai ka irin wannan sinima, ka tambayi tsawon fim kafin ka sayi tikiti, ka ci abinci ka ƙoshi, kuma ka zauna nesa da Malam Na-Gane.