Yadda Wata Manhaja Ta Kulle Gogan Naku a Jekadafari

Gogan naku, wato mai wannan rubutu, ya yi shekara goma sha biyar yana rubutu da Notepad, ɗan farin shafin nan da ke tare da Windows tun 1985. Da shi yake tsara katin aure, takardar neman aiki ta 'ya'yan maƙwabta, har lissafin adashin uwargida. Ka buɗe, ka rubuta, ka adana, ka tashi.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Windows 11 kuwa sharaɗinta sai na'ura tana da wata 'yar ƙwaƙwalwar tsaro mai suna TPM 2.0. Kwamfutar gogan ta hannu ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, maɓallin sifili ma sai an lallashe shi. Ina ita ina TPM?

Ɗan wansa, wanda ke karatun kwamfuta a jami'a, ya zo gida Jekadafari da filashi a aljihu. "Bappa, kwantar da hankalinka. Linux zan sa maka, kyauta ce, kuma ba ta raina tsohuwar na'ura." Kafin la'asar ya ɗora Ubuntu, nau'in Linux ɗin da attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ɗauki nauyin fitarwa a 2004. Ya sha fura, ya hau acaɓa, washegari ya wuce biki Bajoga.

Da safe aka kawo aikin gaggawa: sanarwar ɗaurin aure a Dadin Kowa. Gogan ya nemi Notepad sama ko ƙasa, babu. Ya nemi Notepad++, wanda Don Ho ya ƙirƙiro a 2003, ashe shi ma ɗan gidan Windows ne. Ya kira yaron, kiɗan biki na tashi ta bayansa. "Bappa, buɗe baƙin allon nan, ka rubuta v da i. Da shi manya ke aiki."

Jin an ce manya, gogan ya gyara zaman hula.

Abin da yaron bai faɗa ba shi ne, vi tsoho ne mai ra'ayin riƙau. Bill Joy ya rubuta shi a 1976 a jami'ar Berkeley ta Amurka, zamanin da ba a aiki da linzamin kwamfuta, layin sadarwa kuma yana tafiyar hawainiya. Don a rage wahala aka ba shi hali biyu. A na farko kowane harafi umarni ne, a na biyu harafi rubutu ne. Da na farkon yake tarbar baƙo, kuma ba ya gaya maka.

Gogan ya fara da sallama, kamar yadda ya saba. A wajen vi, babban A yana nufin "fara rubutu a ƙarshen layi", saboda haka ya haɗiye harafin, allo ya nuna "ssalamu alaikum". Ya danna kibiyar hagu don ya gyara, sai ga D ta faɗo a sabon layi. Ya danna ta sama, ga A. Ta ƙasa, ga B. Cikin minti ɗaya shafin ya koma allon 'yan aji ɗaya.

Da ƙyar ya rubuta sunayen iyalan ango da na amarya, layi guda mai tsawo. Hannu ya taɓa Esc bai sani ba, ya koma farkon layin don ya sa sunan gari. Babban D a nan yana nufin "share daga nan zuwa ƙarshen layi". Dangi biyu suka ɓace kamar ƙasa ta tsage. Ƙaramin a ya sake buɗe ƙofar rubutu, aka bar shi da "din Kowa".

Ya ce to a kai kasuwa, fita zai yi. Ya rubuta "fita", ta zauna daram kusa da "Kowa". Ya gwada da Turanci, ita ma ta samu wuri. Ya je zai rufe tagar gaba ɗaya, aka yi masa gargaɗin cewa akwai aikin da zai mutu, ya janye hannu. Wayar yaron a kashe. Uwargida ta leƙo sau biyu tana tambaya ko da wani yake faɗa.

Azahar ta yi, aka ɗauke wuta. Kwamfutar da ba batir ta mutu nan take. Tun da gogan ya zo duniya, ranar ce ta farko da aka ɗauke wuta ya ce alhamdu lillahi.

Bayan kwana biyu yaron ya dawo, ya yi dariya har da riƙe ciki. Mafita, in ji shi, ita ce Esc, sai ɗigo biyu, sai q, sai alamar motsin rai. Gogan ya ce dole a sha wuya: sunan abin da v ya fara, ƙofar fitarsa q ce, kuma duk biyun babu su a baƙaƙen Hausa. Yaron ya ce to ga nano, umarninsa a rubuce suke a ƙasan allo. Da me ake fita? Ctrl da x. Ita ma babu.

Yaron ya ƙara da cewa wanda ke cikin Ubuntu jikan vi ne, Vim, na wani ɗan Holan, Bram Moolenaar, da ya fitar a 1991, ya rasu a Agustan 2023. Mutumin kirki ne, ya yi shekaru yana roƙon masu amfani da manhajar su tallafa wa yara mabuƙata a Yuganda. Gogan ya ce ya yafe masa.

Sannan yaron ya buɗe jerin manhajoji, ya nuna wani ɗan hoto mai suna Text Editor. Farin shafi, ka rubuta, ka adana. Tun ranar farko yana nan. Ya saita masa maɓallan Hausa, ɓ da ɗ da ƙ suka fito da ƙugiyoyinsu.

Duk da haka gogan ya rubuta :q! a 'yar takarda ya manna a jikin kwamfutar. Jiya uwargida ta gani tana shara, ta tambaye shi wane malami ya ba shi, ko akwai na maganin ɓeraye.