Aljihu Ne Ke Fara Tsere

A Ingila, duk wanda ya ce zai yi tseren babur don nishaɗi, aljihunsa ne ke riga shi shiga fili. Da farko zai shiga kulob, irin su Bemsee da aka kafa tun 1909, ya biya kuɗin shekara. Sannan ya nemi lasin daga ACU, hukumar da ke kula da wasan. Lasin tuƙin da yake taƙama da shi a titi, shi kaɗai ba ya cin kasuwa a nan. Za a gwada idonsa, a zaunar da shi a aji a koya masa ma'anar tutoci, a duba yadda yake hawa, kuma kowane mataki da rasit ɗinsa.

Bayan duk wannan ɗawainiya, ladansa ita ce 'yar falmaran ruwan goro da zai ɗora kan rigar fata, don kowa ya san sabon shiga ne, a yi hattara da shi.

To, sai ranar tsere a filin Brands Hatch. Kuɗin shiga daban, gwajin ranar Juma'a daban. Yana son ƙarin rukuni? Ya ƙara kuɗi. 'Yar na'urar da ke ƙirga lokacinsa ma haya ce, wato biya yake yi a gaya masa cewa shi ne na ƙarshe. Tayoyi kuwa, kwana biyu sun tsufa.

Wanda ya yi na ɗaya sai a miƙa masa ɗan kofi a tafa masa. Ya koma gida yana ta murna, uwargida ta juya kofin ta ga ko shan shayi ba zai yi ba.