A Ina Mai Maganin Gesheme Ya Yi Karatu?

Tun daga take na ga ka taɓe baki. Ka ce yau kuma tallar bokaye za a yi mana? Gyara zama, malam, ba ƙulli zan sayar maka ba. Tambaya ce kawai: mai maganin nan da bai taɓa zama bencin lakwal ba, ina ya samo sana'arsa?

Ka ce babu inda ya yi karatu? Ya yi mana, a kwance bisa tabarma. A ƙasar Arewa, daga Gesheme da Tibiri har Dogondutsi, ba a kwana a tashi ɗan bori. Ciwo ne ke fara sallama: kai ya ƙi sauka, jiki ya yi ta zubewa, mace ta yi ta ɓari. A sha sabara, a yi hayaƙi, a je likita a dawo, shiru. Sai manyan bori su ce iskoki ke son sa. Dangi su haɗa kuɗi, a sayi akuya da kaji, a kira mai goge da masu kiɗan ƙwarya, a keɓe shi kwana bakwai ana gyara, abin da Kanawa ke kira girka. In ya miƙe, sai ya shiga bin wanda ya gyara shi daji, yana riƙe masa jaka, yana koyon wane ɓawo ake jiƙawa, wace saiwa ake dakawa. Kai da rabin karatunka na jami'a ya tafi a yajin aiki, kai ne mai raina makarantar wani?

Ka ce tatsuniyar ƙauye ce? Wata Bafaranshiya, Adeline Masquelier, ta zauna Dogondutsi a 1988 da 1989 tana bin gidajen bori ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da littafi a 2001, ana karanta shi a jami'o'in Amurka. Ita ta ci digirin digirgir da labarin tsohuwar da kake wucewa ko gaisuwa babu.

Ka ce ina aka taɓa jin majinyaci ya koma mai ba da magani? Ashe ba ka zagaya ba! A 1935, a garin Akron na Amurka, Bill Wilson da likitan tiyata Bob Smith, dukansu giya ta gama da su, suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Tsarin mai sauƙi ne: wanda ya daina sha shi ke riƙe hannun mai son dainawa. Yau ta bazu duniya. Bature ya yi, ka ce ilimi. Ba'are ya yi, ka ce camfi. Wannan wane irin alƙalanci ne?

Ka ce shirka? Sannu, Ustaz! Ni ban ce ka hau bori ba, wannan tsakaninka da malaminka ne, kuma wa'azi ya daɗe da rage wa goge kasuwa a Arewa. Amma saurari mai tallar magani da lasifika ranar kasuwa. Da me yake buɗe baki? "Ni da kaina na yi fama da basir!" Nan take ka zaro jika ka miƙa. Af, babur ɗin wa ake gani bayan isha'i a ƙofar tsohuwar nan, an kashe fitila?

Ka ce to shi ke nan, ka sallama, kowane ciwo a kai masa? Kai, ka cika zarce gona da iri! Wanda ya tashi daga ciwo ɗaya, ciwo ɗaya ya sani. Ya san yadda dare ke tsawo ga marar lafiya, ya iya zama ya saurare ka ba ya duban agogo, kuma wannan ba ƙaramin magani ba ne. Amma sanƙarau da ya afka wa jihar Doso da Yamai a 2015 ba ya jin goge. Yaro ya yi zafin jiki da bazara wuya ya sandare, ko zazzaɓin damina ya sa shi jijjiga, a ɗauke shi sai likita, tun kafin rana ta faɗi.

Saboda haka in ka je, na kuma san za ka je, yi masa tambaya biyu: wane ciwo ya yi, wa ya koya masa? Wanda ya ce yana maganin komai, daga ƙanjamau har talauci, mai da jikarka aljihu ka yi masa sai an jima.