Baƙin Abuja Masu Busasshen Aljihu

Tun ranar 12 ga Disamba, 1991 da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kwashe komatsanta daga Legas ta tare a Abuja, babu ranar Allah da motocin haya ba sa juye baƙi a tashar Jabi ko Utako ko Zuba. Wani neman aiki ya kawo shi, wani bin haƙƙin fansho, wani biza, wani ɗaurin aure, wani kuwa ya gaji ne da a riƙa ba da labarin garin yana zaune shiru. Masu hannu da shuni ba sa cikin lissafinmu, su ta sama suke sauka, direba na jira. Maganarmu a kan 'yan'uwanmu ce, waɗanda suka baro gida da kuɗin da zai riƙe mutum mako guda a Funtuwa ko Azare, amma a Abuja ko la'asar ba ya kaiwa. Iri-iri ne su, kuma kowa da dabarar da ya taho da ita.

Mai ɗan'uwa a Abuja

Shi wannan tun a majalisar ƙofar gida yake cika baki: "Ni ba ni da matsalar masauki, ɗan yayata na can, babban ma'aikaci ne." Ba ya sanarwa kafin ya taso, don a ganinsa zumunci bai san neman izini ba. Sai mota ta wuce Dutsen Zuma, wanda ya saba gani a jikin takardar naira ɗari, sannan ya zaro waya. Kira na farko ba a ɗauka ba. Na biyu ma haka. A na uku wata mata ta shaida masa da Turanci cewa wayar a kashe take. Can bayan magariba sai ga kiran yaro: "Kawu, ka yi haƙuri, ina wurin aiki ne. Ka nemi motar Nyanya, ka ce a sauke ka a Mararaba."

Bayan ya sha cunkoson hanyar Nyanya har ƙafafunsa sun yi tsami, sai Kawu ya gano ashe Mararabar ma a jihar Nasarawa take. Babban ma'aikaci kuwa ɗaki guda suke da abokansa uku, katifa biyu, da fanka mai jiran a kawo wuta. Kafin assalatu kowa ya fice don ya riga cunkoso, aka bar Kawu da makulli da gargaɗin kada ya ƙarar da ruwan jarka. Amma idan ya koma gida aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Kai, yaron nan Allah ya buɗa masa." Ba zai tona ba, don asirinsa ne zai fara tonuwa.

Sarkin guzuri

Ya rantse Abuja ba za ta ci ko sisinsa ba. A jakarsa akwai garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, ƙullin sukari, ɗan dambun nama da uwargida ta ƙulle a leda biyu, da gorar da yake cikawa a famfon masallaci. Da azahar, yayin da ma'aikatan Sakatariya ke tururuwa wurin masu abinci, shi sai ya nemi inuwar bishiya ya juya wa titi baya. Ya zuba gari a kofin silba, ya murmushe ƙuli a kai da tafin hannu, ya tsiyaya ruwa, ya rufe da murfin gora ya jira ya kumbura, don ya san garin da ya kumbura ya fi cika ciki. Dambun kuwa da yatsu biyu ake ɗiba, a ɗora a harshe, a mayar da ƙulli. Idan wani ya yi masa tayin shinkafa, ba ya mayar da hannun kyauta baya. Kwana uku a haka sai cikinsa ya ɗaure tamau, kuɗin da ya hana mai abinci ya miƙa wa mai kemis.

Akawun masara

Wannan ba ya jin farashi da naira, sai ya juya shi zuwa hatsi. Aka faɗa masa kuɗin farantin abinci, ya ce, "Tiya uku ke nan fa!" Aka faɗa masa kuɗin kwana a otal, ya dafe ƙirji: "Buhu guda, a barci kawai?" Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hatta kuɗin tasi ya daina auna shi da gwangwani ya koma mudu. Ranar da tsautsayi ya bi da shi ta Maitama ko Asokoro ya tambayi mai gadi kuɗin hayar gida a shekara, masara ta gaza, sai ya koma shanu, ya ƙirga garken mahaifinsa kaf ya haɗa da na maƙwabta, ya yi salati ya wuce. Ba ya sayen komai, amma ya fi kowa jin zafin tsadar garin, don har abin da wasu suka kashe shi ke yi musu takaici.

Mai sayyada

Ya saba da garinsu, inda ɗan acaɓa ke kai mutum har bakin zaure. Bai san an kori acaɓa daga tsakiyar Abuja tun 2006 ba, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin. Tasi kuma yana tsoronta ta fuska biyu: ga kuɗi, ga labarin 'yan wan-cans, ɓarayin nan da ke shigar direba da fasinja su yi wa mutum ƙarƙaf. Don haka da ya hango hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa da ƙubbarsa mai ruwan zinariya, sai ya ce, "Ai ga shi can, nan da nan ne." Abin da bai sani ba, da mai mota a zuci aka zana Abuja. Tituna ne faffaɗa, gada bisa gada, ga rana, kuma babu mai tafiya a ƙasa balle ya tambayi hanya. Yana isa ya tarar an sallame tuni, takalminsa ya tsinke, mai gyara ya karɓi daidai abin da mai tasi zai karɓa. Idan ka yi masa jaje sai ya ce, "Da ma likita ya ce in riƙa motsa jiki."

Mai jiran Onarabul

Kuɗin zuwa kawai ya taho da su, na komawa suna aljihun Onarabul. A hammatarsa akwai ambulan mai ruwan ƙasa ɗauke da takardun makarantar ɗansa, gefensu duk ya lanƙwashe. Majalisar Tarayya na da sanatoci 109 da wakilai 360, amma shi a zatonsa da ya ambaci sunan nasu za a buɗe ƙofa.

"Baba, kana da alƙawari da shi?" in ji mai tsaro.

"Alƙawari kuma? Ɗana, ni na tsare masa akwatinmu ranar zaɓe, ko ruwa ban sha ba!"

Sai a nuna masa inuwa, inda zai tarar da wasu masu tsaron akwatin sun riga shi zama. Ya kira yaron Onarabul, a ce oga na mitin. Ya sake kira, oga na kwamiti. Da yake bai san daga Talata zuwa Alhamis majalisa ta saba zama ba, sau da yawa ranar Juma'a yake dira, sai a shaida masa Onarabul ya tafi mazaɓa ganin jama'arsa, wato garin da shi ya baro da asuba. In Allah ya taimake shi aka aiko masa da na mota, da ƙyar su kai shi Kaduna.

Ɗan hoto

Shi bai zo cin Abuja ba, ya zo ne a ga ya zo. Hoto a Ƙofar Birni, hoto a Millennium Park da Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, hoto daga nesa da otal ɗin Transcorp Hilton a bayansa yana duba agogo. A babban kantin bakin tafkin Jabi yakan cika keken sayayya fal, a ɗauke shi yana turawa, sannan ya bi layi-layi yana mayar da kowane kaya mazauninsa, ya fito da ruwan gora ɗaya. Motar mutane ma ba ta tsira ba, yana jingina da ita har sai ta fara kururuwa. Da dare ya zuba hotunan a Facebook ya rubuta: "Harkoki sun riƙe mu a birnin tarayya." Kafin gari ya waye saƙonni sun cika wayarsa: ƙanwa na neman kuɗin anko, aboki na neman rance, mai shagon unguwa na tuna masa tsohon bashi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ɗan ɗaurin aure

Jarinsa babbar riga ɗaya ce mai sitaci da hula zanna-bukar. Ya san Juma'a da Asabar ba a rasa ɗaurin auren 'ya'yan manya a Babban Masallacin Ƙasa ko masallacin Annur da ke Wuse 2. Yakan kutsa sahun gaba, kuma "amin" ɗinsa ta fi ta waliyyi ƙarfi. Ga dangin ango shi na gidan amarya ne, ga dangin amarya shi abokin baban ango ne. Ana shafa fatiha ya faɗa motar da ta fi kusa, ya ce, "Alhaji, wurin walima za ka ko? Direbana ya yi gaba." A aljihun rigar akwai leda a ninke saboda abincin dare. Ranar da ya yi kiciɓis da ɗan garinsu mai irin sana'ar, sai su gaisa hannu biyu da fara'a irin ta manya, kowa ya kama teburin da ya fi nisa da ɗan'uwansa.

Mai neman ragi

Ya ɗauko kaya a kantin da aka manna wa komai farashi, ya aje gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi ya ce, "'Yata, nawa za ki bari?" Ta nuna masa na'ura. Ya taya rabi, ya juya kamar zai tafi yana jiran a kira shi, ba wanda ya kira. Sai an kai shi Kasuwar Wuse, ya ji an ce masa "albarka", sannan hankalinsa ke dawowa jikinsa.

Alhajin dare ɗaya

Ya ɗauki adashi ko ya sayar da waken suya, ya ce rai dai guda ne. Daren farko otal a Wuse 2, shatar tasi, gasasshen kifi, har da kyauta ga mai buɗe ƙofa don ya ji an ce "ranka ya daɗe". Kwana na biyu shayi da burodi a teburin mai shayi, da jakarsa a gefe. Kwana na uku yana kasuwar wayoyi ta Banex yana tambayar nawa za a sayi wayarsa. Daga nan ya ari ta wani ya kira gida da murya a sanyaye: "Yaya, 'yan sane sun yi mini aika-aika, a turo mini na mota." Yayan ya san zancen, amma zai turo, kuma zai ba da labari.

Hajiya mai ƙullin kaya

Ita kaɗai ce a cikinsu ta karanci garin. Biki ta zo ko dubiya, amma jakarta cike take da turaren wuta, humra, yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da man shanu. Tun mako guda kafin ta taso ta sanar da ƙawarta da ke Kubwa ko Gwarimpa, ita kuma ta sanar da maƙwabta. Matan Abuja da ke kewar kayan gida su yi ta sallama, kafin a kai amarya jaka ta koma fayau, lalita ta yi nauyi. Ba ta jin kunyar tambayar farashi, ba ta jin kunyar cewa "wannan ya fi ƙarfina", kuma ba ta sayen abin da akwai shi a Kasuwar Kurmi ta Kano. Ranar komawa ta hau jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna tun 2016, ta zauna cikin sanyi daga Kubwa har Rigasa tana ƙirga riba.

Sauran kuwa a Zuba suke haɗuwa, kowa na sayen lemo da ayaba da burodi da ɗan canjin da ya rage, don kada a shiga gida hannu rabbana. Mai ɗan ƙarfi a cikinsu shi ne wanda ya sayi kilishi a Eriya Wan, ya ɗauke shi ya kai Kano, garin da mai kilishin ya baro.

In aka duba da kyau, tsadar Abuja ba ita kaɗai ke tsiyata baƙo ba, kunya da son a sani sun fi ta ɓarna. Masu shara da masu gadi da direbobi da ƙananan ma'aikatan da ke riƙe da birnin, daga Nyanya da Lugbe da Mpape da Suleja suke shigowa kullum, kuma sun san inda ake sayar da tuwo mai araha a bayan kowane babban ofis, sun san motar da ake haɗa kuɗi a shiga. Matambayi ba ya ɓata. Saboda haka, mai karatu, in tafiya ta kama ka, kira mai masaukinka kafin ka taso, ka tabbatar ranar aiki ce, ka gaida mai gadi da mai shayi ka nemi shawararsu. Kuɗin komawa kuwa ka ware su a aljihun ciki, kada ka taɓa su ko da Onarabul da kansa ya rantse maka.