Ku da Kuke Cewa Nazarin Harshe Aikin Banza Ne

Na san halinku, ai ba yau muka fara ba. Da an ce wane ya tafi jami'a karatun kimiyyar harshe, sai ku kwashe da dariya: "Bahaushe zai koyi Hausa? To da can da wane baki yake roƙon tuwo?" In kuka leƙa littafinsa kuka ga ya zana jimla da rassa suna reto, sai ku ce gara a miƙa masa fartanya. Masu sassauci cikinku su ne ke cewa a bar malamin aji da mai fassara da mai ƙamus, tunda su aikinsu ana gani, masu nazari zalla kuwa a sallame su.

To, Alhaji, gyara zama. Mene ne jam'in mota? Motoci. Kaza fa? Kaji. Ƙasa? Ƙasashe. Wa ya umarce ka ka mai da t ta koma c, z ta koma j, s ta koma sh? Babu kowa, amma ko daga barci aka tashe ka ba za ka ce "mototi" ba. Mai nazari ne ya zauna ya gano cewa in waɗannan baƙaƙe suka zo kafin wasalin i ko e, sai harshe ya ja baya zuwa ganɗa. Ya sa wa abin suna ganɗantawa. Malamin da ke koya wa baƙo Hausa ya ɗauki wannan ƙa'ida guda, ya hutar da ɗalibinsa haddar kalmomi bila adadin. Kai kuma kana tsaye kana cewa ba ka ga amfanin nazari ba.

Ke ma Hajiya malamar Turanci, na hango ki kina murmushi. Yaron nan da kike tsare wa ido don yana musanya p da f, ba taurin kai ke damunsa ba. A Hausa sauti ɗaya ne ke zaune a gurbin nan biyu, shi ya sa Bakano ke cewa fari da leɓɓansa biyu, Basakkwace ya ce hwari, kuma ba wanda ya kasa gane wani. Tun 1957 Robert Lado na Amurka ya rubuta littafi kan kwatanta tsarin harshen uwa da na harshen da ake koyo, don a hango inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. Ajiye bulalar, ki nuna masa inda haƙori ke taɓa leɓe.

Haruffa masu lanƙwasa ma ba daga sama suka faɗo ba. Sai da aka tabbatar cewa ɓ da ɗ da ƙ sautuka ne masu cin gashin kansu, sannan suka samu gurbi a boko cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya. Mai ganin wasa ne ya tura saƙo cewa amarya "tana daka", ya ga ko dangi za su fahimci tana ɗaka tana hutawa, ko kuwa su taso su ji dalilin ba ta turmi tun ba a je ko'ina ba.

Ku kuma masu nazari kada kanku ya kumbura, don ku da masu aiwatarwa taubasai ne, kowa yana da ranar da zai ci kasuwar ɗan'uwansa. Kun tabbatar cewa karin sauti da tsawon wasali suna bambanta ma'ana a Hausa, kuma gaskiyarku. Amma da aka zo rubutun yau da kullum, sai aka bar su a ƙamus. Bayan taron da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966, Nijar ta gwada ninka dogon wasali a rubuce, daga baya ta haƙura, don mai harshe yana karanta abinsa lafiya lau ba tare da wannan ɗawainiya ba. A 1966 ɗin ce kuma Chomsky da kansa, jagoran masu nazarin ginin jimla, ya gaya wa taron malaman harsuna cewa yana shakkar ko binciken irin nasu zai tsinana musu wani abu a aji. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, daga bakin jama'a aka tattaro shi gari-gari, kuma har gobe masu nazari a cikinsa suke kiwo.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ga aikin gida. Me ya sa ake cewa "ya sayi doki", amma "ya saye shi", sannan "abin da ya saya"? F. W. Parsons ya warware wannan a 1960, da ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Amsar "haka ake faɗa" ba ta karɓuwa, ɗan shekara biyar ma ya san haka. In kuwa ka buɗe baki ka fara bayani, to, sannu da zuwa Malam, ka zama ɗan gida.