Mujadalar Ardo da Goni a Kan Motar Hawa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda a cikinsa kowa yake da'awar cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma har yau babu alƙalin da ya yanke hukunci a kan wannan da'awa, domin da an yanke, da an rasa abin faɗa a wajen suna da ɗaurin aure. To, a wani zaure cikin birnin Kano, bayan an sallame La'asar, wasu dattawa biyu masu wadata, ɗaya Ardo mai garkunan shanu a kan tsaunin Mambila, ɗayan kuwa Goni mahaddacin Alƙur'ani wanda Allah ya buɗa masa ta hanyar fataucin turare, suka tsunduma cikin mas'alar da ta hana Ardo barci, watau wace zai saya daga cikin manyan jif na alfarma, tun da 'ya'yansa sun matsa masa cewa tsohuwar motarsa ta zama abin kunya ga dangi.

"Kafin mu kai ga mota, Fillo," in ji Goni, yana gyara zaman hularsa, "akwai fatawar da ya wajaba in ba ka, gama haƙƙin bawa ne a kan ubangidansa ya sanar da shi addini. Shanu talatin maraƙi ne zakkarsu, arba'in kuwa saniya, alhali abin hawa babu zakka a kansa ko da tsadarsa ta kai ta gari guda. Saboda haka nake zargin cewa wannan sha'awa da ta taso maka farat ɗaya dabara ce ta mayar da garke ƙarfe kafin mai karɓa ya iso. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun riga ka wayo, don sun hukunta cewa wanda ya musanya dabbobinsa saboda gudun zakka, a karɓe ta daga gare shi duk da haka."

Ardo ya yi murmushi, ya jingina sandarsa da bango, ya ce, "Allah ya gafarta wa yarona, ya ƙara masa karatu. Zakkata na fitar tun kana can kana turara riga, kuma kai ne na fari da ya iso da igiya a hannu, kana cewa a ba ka daga kason 'yanta wuyaye, na ce maka ban yi niyyar 'yanta ka ba bana. Maganar mota kuwa, zuciyata ta karkata ga Land Cruiser, saboda wanda ya taɓa hawa hanyar Gembu da damina, inda titi ke murɗewa a jikin dutse hazo ya rufe gaba, ya san cewa motar da ake nema ita ce wadda za ta kai ka ta komo da kai. Kamfanin Toyota tun 1951 yake ƙera zuriyarta, kuma babu bakaniken da za ka kai wa ita daga Jalingo har Kano ya tsaya yana sosa ƙeya."

"Ashe abin da kake nema ke nan, motar da kowane bakanike ya sani!" in ji Goni. "Ai da ka sayi akori-kura ka huta, ka samu inda za ka ɗora ƙoren nono. Mutumin da ya kai matsayinka, ko da yake matsayin bawa ne, Range Rover ta kamace shi, wadda aka soma ƙerawa a Ingila a 1970, wadda Sarauniya da kanta ta riƙa tuƙawa a gandunta. Ƙafafunta a kan jakunkunan iska suke, in ka tsaya za ka shiga sai ta durƙusa maka kamar raƙumin da ya san ubangijinsa, in ka kama hanya ta miƙe, ramin titi kuwa sai dai ka gan shi da ido, ƙugunka bai san an wuce shi ba. Amma na manta, wanda ya saba kwana a kan tabarmar kaba a ruga, taushin kujera ciwon baya zai sa masa."

Ardo ya ce, "Durƙuson na ji, tashin nake tambaya. Jakar iska aba ce da ke tsufa, ranar da ta huje tsakanin Potiskum da Damaturu, a kan hanyar garinku, wa zai tashe ta? Ka aika Ƙofar Ruwa a ce sai an yi oda daga ƙetare, ka zauna gindin bishiya da babbar riga kana karanta izu sittin kafin kaya su iso. Sa'an nan wannan Ingila da kake ta ambato da alfahari, ai tun 2008 kamfanin Tata na Indiya ya sayi gidan, babban injinta na yanzu kuma daga BMW na Jamus ake kawo shi. Na san dalilin da ya sa kake sonta, ta canja iyayengiji sau da dama, kun yi tarayya a nasaba."

A nan zauren ya ɗauki dariya, har mai shayi ya kusa zubar da butarsa. Ni a ganina Ardo ya fi hujja a wannan gaɓa, ko da yake Goni bai yi ƙarya ba game da daɗin zama. Gama mai zirga-zirga tsakanin Maitama da filin jirgin saman Abuja, inda kwalta ke shimfiɗe kuma garejin masu na'ura ke kusa, larurarsa dabam ce da ta mutumin da dukiyarsa ke kiwo a bayan duwatsu, kuma yawancin masu wannan gardama a majalisu suna mantawa su tambayi mai saye ina zai dosa da motar.

Goni bai yarda an kayar da shi ba, sai ya sake salo. Ya ce, "To, na ji. Amma ka san Land Cruiser ɗin da kake yabo an rage mata ƙarfin zuciya? Sabuwar da ta fito a 2021 sun cire mata injin nan mai silinda takwas da kakanninta suka yi suna da shi, suka sa mata mai shida, suka haɗa shi da turbo biyu suna hura masa iska don ya yi aikin manya. Kuma a Japan ɗin kanta, a farkon 2022, kamfanin ya ce mai so ya jira kamar shekara huɗu. Wannan kam sai Bafillace, wanda zai bi saniya daga Mambila har Ikko a ƙafa bai ce ya gaji ba, saboda kunya. In dai ƙashin Toyota kake so, ga Lexus LX 600, gindinsu ɗaya, injin fetur ɗinsu ɗaya, giya goma kowace, illa ita an yi mata sutura ta mutunci, fata mai laushi da katako mai sheƙi, a bayanta har akwai kujerar da ke kwantawa ta miƙa maka matashin ƙafa."

"Watau in biya ƙarin kuɗi saboda riga," in ji Ardo. "Wannan mazhabar Barebari ce tun fil azal, a sa malum-malum uku a zafin Maiduguri, a zuba turaren da zai sa ƙuda ya suma, ciki kuwa ko oho. Malam, ba kai ne ka karantar da mu babin israfi da riya ba a watan azumi, har ka sa tsofaffi kuka?"

Goni ya ce, "Na karantar, kuma a gaba na karantar da babin rowa, sai dai ranar ba ka zo ba, an ce ka ji za a yi karo-karon gyaran masallaci."

Daga nan suka ratsa ta kan sauran da sauri. G-Wagon ta Mercedes, wadda ake haɗawa a birnin Graz na Ostiriya tun 1979, Ardo ya yaba makullanta uku da ke tilasta wa ƙafafu huɗu su juya tare a cikin taɓo, amma ya ce ta zama motar samari da mawaƙa, kuma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, mai irinta ko dai ya mallaki gidan mai ko ya auri 'yar mai shi. Da Goni ya ambaci Cullinan ta Rolls-Royce, mai silinda goma sha biyu, wadda aka raɗa wa sunan lu'ulu'un da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, sai Ardo ya yi a'uziyya, ya ce a bar wannan ga waɗanda ba su san kuɗin saniya da gumi ake tara shi ba.

"Kai dai ba ka san sarauta ba," in ji Goni. "Mu da muka yi daula shekaru aru-aru kafin ku san rawani."

"Daular da muka shiga Ngazargamu a 1808?"

"Kuka shiga, Shehu Laminu ya fito da ku ba ku ko tsaya ɗaukar sandunanku ba, ya bi ku da wasiƙu yana tambayarku hujja, Muhammadu Bello yana ta rubuta amsa har tawada ta yi tsada a Sakkwato. Ka ga tun ran nan mu ke tambaya ku ke amsawa. Yanzu amsa mini, wace za ka saya?"

Ardo ya ɗauki sandarsa, ya ce Land Cruiser zai saya, fara, mai shan gas, saboda hawan dutse da nisan gidajen mai, kuma albarkacin zumunci ya yi wa Goni alkawarin zai kai shi Mambila ya ga yadda arziki ke tafiya da ƙafa huɗu, bisa sharaɗin ya zauna a baya ya yi shiru.

Goni ya tafa hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi, ku shaida, jama'a! A duk faɗin ƙasar nan wanda ke zaune a baya shi ne mai mota, wanda ke riƙe da sitiyari kuwa direba ne. Na karɓi sharaɗi, Fillo, sai ka kula da ramuka, kada ka tashe ni in na yi gyangyaɗi."

"Ba wannan bayan ba," in ji Ardo, yana saka takalmi. "Akwai kujera ta uku can ƙurya, wadda ake naɗewa a loda buhunan kanwar shanu. Nan za ka zauna, kai da kanwa ai garinku ɗaya, ba za ku rasa abin hira ba."